Gandun Alhaji Mode

La'asar ɗin wata Juma'a ce a tsakiyar bazara, irin zafin da ke sa ko ɓarayi su ɗauki hutu. Sufeto Attahiru yana zaune a caji ofis na Goronyo, ya kwance maɓallin wuya yana fifita da bangon wani tsohon fayil, sai ga wata mata ta faɗo ba ko sallama. Mayafinta ya karkace, leɓenta ya bushe, amma babu ɗigon hawaye a idonta.

"Ina babbanku?" ta tambayi Saje Ƙadiri, wanda ke gyangyaɗi a kan kantar ofis.

Sufeto ya leƙo da kansa. "Ga ni. Mi anka yi?"

"Sunana Larai, daga Tungar Mode. Sun kashe mani miji, kuma yanzu haka ana ɗunkin likkafani. In ba ka yi sauri ba, kahin magariba ƙasa ta ruhe maganar."

"Su wa sunka kashe shi?"

"Gidansu. Ni ta matar ɗan Baba Alhaji na biyu."

Barci ya bar idon Saje nan take. "Ƙasimu ke nan, Yallaɓai," ya faɗa a hankali. "Ɗan Alhaji Mode Mai Ruwa."

Ba sai an yi wa Sufeto dogon bayani ba. Tun shekarar da aka fara sako ruwan dam cikin kanal, manoman wannan yanki suka taru suka zaɓi Alhaji Mode shugaban ƙungiyarsu, suka danƙa masa sitiyarin ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwa da shi. A zatonsu sun zaɓi dattijo mai tsoron Allah. Kafin albasa ta sake nuna suka gane sun zura wuyansu cikin igiya da hannunsu. Wanda ya sayar wa Alhaji albasarsa a farashin da Alhaji ya yanka, ruwa zai iske shi har gona. Wanda ya yi wayon kai tasa kasuwar Achida kuwa, zai dawo ya tarar da fangalinsa ya tsattsage.

A cikin gida abin ya fi haka muni. 'Ya'yansa maza uku, kowa da iyalinsa, har yanzu suna cikin gandu: su ke noman, shi ke riƙe da aljihu. Babban cikinsu ya yi furfura, amma ko sabulun matarsa sai ya je ya durƙusa ya roƙa.

"Su mi sunka ce ya same shi?" Sufeto ya tambaye ta.

"Wai ruwa yac ci shi cikin kanal. Mutumin da ka ƙetare gulbin Rima da damina, tuhwahinai bisa kai! Ranka shi daɗe, ya hwaɗa ma Baba zai hita gandu bayan cirar albasa. Laihinai ke nan."

"Kin san abin da kinka jawo ma kanki da zuwa nan?"

"Na sani. Na hito gawar mijina tana kwance, ba da izinin kowa ba. Ɗiyana biyu na can ciki, Hauwa'u da ƙanenta Maccido. In ka rubuta ruwa yac ci shi, to ka rubuta har da ni, don ba su barin in sake ganinsu."

Sufeto ya daɗe a wannan aiki, ya ga masu kuka iri-iri, amma waɗanda ba su kuka su suka fi tayar masa da hankali. Ya ɓalla maɓallinsa, ya ɗauki hula.

"Saje, ta da mota."

Sun isa Tungar Mode makara tana jingine a bakin zaure, mutane har sun fara daidaita sahu. Alhaji Mode yana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Ɗan ƙaramin tsoho ne busasshe, muryarsa ƙasa-ƙasa, don tun da ruwa ya zama nasa bai sake buƙatar ɗaga ta ba. A bayansa wani ƙato mai furfura yana tsaye ya kama hannuwa ta baya, rigarsa ta yage a hammata. Wannan shi ne Siddiƙu, babban ɗansa.

"Sannunku da zuwa," in ji Alhaji. "Kun taho kan kari, za ku samu ladan jana'iza."

"Allah shi jiƙan rai, Alhaji. Amma ba a ruhe shi yau. Ina son ganin gawa."

Alhaji ya bi Larai da ido tana saukowa daga mota, ya ja carbi ɗaya.

"Ashe surukata ta tahi yawo."

An kwantar da Ƙasimu a ɗakin soro, an yi masa wanka, an shafe shi da turare. Sufeto ya ɗaga kansa ya ga ƙeya ta lotsa kamar ƙwaryar da aka taka. Ya kama hannuwansa ya juya. Duk sabulun da aka goga bai fitar da baƙin man inji daga faratansa da tsagun tafinsa ba.

Ya fito ya tsaya gaban dardumar.

"Wa yaf fara ganin gawa?"

Siddiƙu ya dubi ubansa. Uban ya ɗan ɗaga gira.

"Ni na. Da nid dawo masallacin Juma'a nib bi ta kanal, nig gane shi maƙale bakin kwalbati."

"Ciwon ƙeya hwa?"

Ya sake duban uban. "Santsi yak kwashe shi garin wanka, yab bugi siminti."

"Akwai baƙin mai ga hannunai. Shina da inji?"

Wannan karon Alhaji bai jira ɗansa ba. "Nan gidan ba wanda ad da nai, Sufeto. Komi na gandu na."

Aka ɗora gawa a bayan mota, ana salati ana ƙunƙuni. Sufeto ya ce a mayar da Larai ɗakinta, kuma kada ko ƙuda ya taɓa ta. Alhaji ya gyaɗa kai kamar wanda aka roƙa ƙaramar alfarma.

"Takaba haƙƙin mamaci ta, ta yi ta ɗakinta. In ta ƙare ta san hanyar Sisawa, garin ubanta. Ɗiya kuwa nan anka haihe su, da hatsin gandu sunka girma."

Washegari da safe likita ya faɗi abin da Sufeto yake zato: babu ruwa a huhun Ƙasimu, gawa aka jefa cikin kanal. Aka mayar wa dangi da gawar suka rufe. Su suna maƙabarta, shi yana kan hanyar fadama.

Sufeto ɗan Wurno ne, cikin fangalin albasa ya yi rarrafe kafin ya san akwai wani abu wai shi kaki. Tun daga nesa hancinsa ya gaya masa akwai ɓarna. Lawashi ya kwanta ya yi rawaya, alamar albasa ta ƙosa. Idan ta kai haka yaye ta ake yi, a yanke mata ruwa gaba ɗaya ƙasa ta bushe, in ba haka ba ta ruɓe tun kafin a cire. Amma ga fangali bayan fangali jagab da taɓo, iya ganinsa. Ya leƙa kanal. Ruwan da ya rage bai rufe idon sawu ba, sai dai shatin danshi a jikin siminti ya kai ƙirjin mutum.

Wani tsohon manomi yana durƙushe yana tono da hannu. Da aka tambaye shi ya ce sunansa Junaidu.

"Malam Junaidu, wa yab ba albasar da anka yaye ruwa?"

"Ikon Allah na, Yallaɓai."

"Hadari anka yi jiya, ni ban gani ba?"

Tsohon ya ci gaba da tono. Ya zaro albasa ɗaya mai girman dunƙulen hannu, ya latsa ta da babban yatsa, yatsan ya nutse. Ya tsura mata ido.

"Noman shekara ke nan," ya ce. Ya waiga hagu da dama. "Ƙohwag ga ruhe take tun da lawashi yak kwanta. Kanal ƙaƙas, ko kaza ba ta nutsewa ciki. Jiya munka tahi masallaci, ba kowa fadama. Munka dawo munka ishe ruwa ya cika ya tumbatsa, har gonar Alhaji ta sha."

"Wa ad da sitiyari?"

Junaidu ya dubi katangar gidan Alhaji da ke can nesa, ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya ji ransa ya ɓaci. Wato don a sami ruwan da zai isa a ce ya ci mutum, aka ruɓar da abincin gari guda, kuma ko a jikin wanda ya yi.

"Ƙasimu shina da injin ban ruwa?"

"Sabo dal. Ka san gayauna, ɗan hilin da uba ka yanka ma ɗa shi noma ma kainai. Bara ya ɗauki albasar gayaunatai ya kai Achida da kainai, yas sawo inji, yas sa anka haƙa mai burtsatse. Ya ce muna baɗi duk mai so shi ja ruwa, ba sai mun jira ƙohwa ba." Ya kama gefen wandon Sufeto da hannunsa mai taɓo. "Don girman Allah kak ka ce ni nih hwaɗi."

Yanzu maganar ta fito fili. Fita gandu laifi ne a wurin Alhaji, amma rijiyar da ba ta da ƙofa ita ce abin da ba zai taɓa yafewa ba.

Gayaunar Ƙasimu tana can bayan wasu itatuwan bagaruwa, nesa da kanal. An share wurin tas, shara irin ta mai gaggawa. An dura tsakuwa cikin bututun rijiyar har baki. Babu inji. A gefe guda ƙudaje sun taru kan yashi, Saje ya tona da ƙafa, ƙasar ƙarƙashi ta fito baƙa ƙirin, ta daskare. Sawun amalanke ya tashi daga nan ya yi kanal, ya juyo ya miƙe bayan gidan Alhaji, ya tsaya a ƙofar sito.

Isa, autan Alhaji, shi ke riƙe da makullin sito. Matashi ne mai sanyin jiki. Ya buɗe kwaɗon.

A cikin siton babu abin da ba a shafa wa jan fenti ba. Kowane buhu, kowace fartanya, kowane bokiti, har akumarin jaki, duk da zagayen ja da ɗigo a tsakiya, alamar gandun Alhaji Mode. A lungu, ƙarƙashin tsofaffin buhuna, ga injin ban ruwa sabo, shi ma da tasa alamar a kan tanki.

"Wanga na wa na?"

"Na gandu."

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Yallaɓai."

Sufeto ya danna babban yatsansa kan alamar, ya ɗago ya nuna wa Isa. Yatsan ya yi jawur.

"Fentinku na da nawar bushewa."

Gumi ya karyo wa Isa. "Yaya Siddiƙu yak kawo shi jiya. Ni ban san komi ba, wallahi. Fenti kaɗai nis shahwa. Baba ya hana a aje abu ba alama."

Sufeto ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ko ɓarawon da ya fara sata jiya ya san gulbi yana nan kusa, da ya jefa injin ciki ya huta. Amma wanda ya tashi a wannan gida zai iya fasa kan ƙaninsa, ba zai iya yar da dukiya ba, kuma ba zai iya ajiye ta ba tare da tambarin Baba ba.

Kafin ya bar gidan aka ce matar mamaci tana son magana da shi. Ya tsaya a bakin ɗakinta, asabari a tsakaninsu. Muryar da ya ji ba irin ta jiya ba ce, ta dushe.

"Ranka shi daɗe, na janye. Hauka ta ta kama ni jiya. Ruwa yac ci shi."

"Ina ɗiyanki?"

Ta ce, "Tun jiya anka kwashe su zuwa sashen Baba. Ina jin kukan ƙaramin ta katanga. An ce in na hwaɗi gaban mutane hauka nika yi, a maido mani su, in zauna. In ban hwaɗi ba, gobe bayan sadaka a aza su motar albasa a kai su Kurmi wurin wani ɗan'uwa. Ko sunan garin ban sani ba."

"Larai, maganar kisa ba a janye ta. Ta hi ƙarhina yanzu."

"To kama su!"

"Wanda yay yi da hannu, gobe in kama shi."

"Baba hwa?"

Sufeto bai amsa ba. Ya riga ya bincika. Lokacin da ake fasa kan Ƙasimu, Alhaji Mode yana sahun farko a masallacin Juma'a, dab da liman, gari guda ya gan shi. Idan aka tafi da Siddiƙu kaɗai, tsohon zai ci gaba da zama kan dardumarsa, motar albasa kuma za ta tashi a kan lokacinta.

Ta fahimci shirunsa. "Ashe kai ma awa su kake. Ka samu abin rubutawa, ni na rasa ɗiyana. Allah shi isam mani."

Sufeto ya juya ya fita. Maganar ta bi shi har mota, ta kuma hana shi cin abinci.

Ranar sadakar uku ƙofar gidan ta cika maƙil. Manoman da albasarsu ke ruɓewa a ƙasa duk sun zo, kowa ya durƙusa ya yi wa Alhaji ta'aziyya da murya mai taushi, don baɗi ma za a buƙaci ruwa. A gefe babbar motar albasa tana tsaye an ɗaure mata tamfol, direba yana goge gilashi.

Sufeto ya sa Saje ya dire injin a tsakiyar taron. Ya faɗi abin da likita ya gani, ya faɗi maganar ruwan da aka sako wa albasar da aka yaye, ya faɗi jinin da ke gayauna da fentin da bai bushe ba. Bai ambaci sunan Junaidu ba.

"Alhaji, sitiyari wurinka shike. Wa yab buɗe ƙohwa ran Juma'a?"

Alhaji ya ja carbi, ya ja, kamar mai lissafin wace tunkiya za a kai kasuwa. Sannan, ko waiwayawa bai yi ba, ya ce, "Siddiƙu na."

Ƙaton da ke bayansa ya zabura kamar an tsikare shi. Ɗan fari ne, kuma uba ba ya kama sunan ɗan fari. Tun da aka haife shi daga "kai" sai "wancan". Yau ne karo na farko da ya ji sunansa a bakin mahaifinsa, kuma don a miƙa shi ga 'yan sanda aka faɗa. Har dattawan da ke wurin sai da suka kawar da kai.

"Hwaɗa mai abin da kay yi," in ji Alhaji.

Siddiƙu ya zagayo gaba, ya durƙusa, ba gaban Sufeto ba, gaban ubansa.

"Na ishe shi duƙe shina gyaran inji. Yaɗ ɗago yac ce, 'Yaya, ba ka tahi masallaci ba?' Yas sake duƙawa. Nib buga mai sitiyari ga ƙeya. Nik kai shi kanal bisa amalanke, nig ga ba ruwa. Shi na nib buɗe ƙohwa."

"Wa yas sa ka?" Sufeto ya tambaya.

Ya dubi uban. Uban yana kallon carbinsa.

"Ba kowa. Ni kaɗai."

Saje ya ɗana masa ankwa. Alhaji ya ce, "Allah shi shirya," da muryar da ake sallamar almajiri, ya ɗaga wa direba yatsa. Direba ya shiga mota ya murɗa makulli. Daga cikin zaure wata tsohuwa ta fito riƙe da hannun yara biyu, yarinya da ƙaramin yaro, an yi musu wanka an sa musu kayan Salla, ga ɗan ƙunshin tufafi a kan yarinyar.

Sufeto ya gane 'ya'yan Larai ne. Ba shi da dokar da za ta hana kaka tura jikokinsa wurin dangi. Ya dubi tsohon, ya dubi manoman da suka sunkuyar da kai, sai ya cire hularsa ya ɗan rusuna, ya ɗaga murya yadda na baya ma zai ji.

"Ka yi haƙuri, Alhaji, na zarge ka a banza. Ashe ƙarya aka yi maka gari. Ana cewa ko ganye ba ya motsi fadamag ga sai da izininka, ashe tsuhwa ya riga ya yi aikinai. An ɗauke sitiyari ƙarƙashin gadonka, an kashe ɗanka, an ruɓar da albasarka, kai kana can kana jan carbi ba ka san komi ba." Ya juya ga jama'a. "Ku kuma sai ku nemi wani shugaba. Wanga ko ɗiyan cikinai sun bar jin maganatai."

Can daga baya wani ya yi dariya, gajeriya, kamar tari. Wani ya kama. Kafin a ankara ta bi sahu tana yaɗuwa, kowa yana rufe baki da hannun riga. Shekara da shekaru ba a yi dariya a wannan ƙofa ba sai wadda Alhaji ya fara.

"Wa ka dariya?"

Muryar ta tsaga wurin. Alhaji Mode ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi ƙasa, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Wanga?" Ya nuna Siddiƙu da ƙafa. "Wanga zai yi abu ba da sanina ba? Ko hitsari ba ya yi sai ya tambaye ni! Ni nim miƙa mai sitiyari da hannuna. Ni nic ce shi jira sai an ta da salla. Ɗana na, ni nih haihe shi, ni nic ce a cire shi! Da na bar shi, baɗi kowane matsiyaci cikinku shi haƙa rami shi ɗaga mani hanci. Ba a taɓa buɗe ruwa ƙasag ga ba da izinina ba, kuma ba ran Juma'a anka fara ba!"

Dariya ta ɗauke ɗif. Manoma suka sake sunkuyar da kai, kuma Sufeto ya ga tsohon ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ransa ya yi fari.

"Saje, ka ji?"

"Na ji, Yallaɓai. Gari duka ya ji."

Alhaji ya san abin da ya yi, kuma babu alamar nadama a fuskarsa. Ya miƙa hannuwansa da kansa. Igiyar rataya ta fi masa sauƙi a kan a yi masa dariya a ƙofar gidansa.

Aka ɗora su a bayan mota, uba da ɗa, rana ta take tsaka.

"Kai," in ji tsohon, "matsa ka kare mani rana."

Siddiƙu ya ja jiki da ankwarsa, ya gyara zama har inuwarsa ta rufe uban.

Sufeto ya sa direban albasa ya kashe mota, ya aika a kira Larai. Ta fito cikin kayan takaba, tana dafa bango. Yaran suka fizge za su ruga wurinta, Isa ya tare su da hannu.

"Sake su," in ji Sufeto.

Isa bai dube shi ba. Bayan mota ya duba.

Alhaji ya ƙare wa jikokinsa kallo ta ƙarƙashin hammatar Siddiƙu, kallon da yake wa buhun da ya fara wari.

"Ba ta su. Jinin mai gardama na, ba su yi ma gandu amfani. Amma ƙunshin ga da takalman da ag ga ƙahwahunsu, gandu yas saye."

Isa ya sauke ƙunshin daga kan yarinyar, ya duƙa zai kama ƙafar yaron. Sufeto ya daka masa tsawa, ya yo kansa, amma Larai ta riga shi isa.

"Bar shi, ranka shi daɗe."

Ta durƙusa ta zare takalman da hannunta, na Hauwa'u da na Maccido, ta jera su a bakin zaure. Yashi ya yi zafin da ba a taka shi, yarinyar ta fara ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya, tana kallon uwarta, ta kasa kuka.

"Ku shigo gaban mota in kai ku Sisawa," in ji Sufeto.

Larai ta dubi motar, ta dubi waɗanda ke bayanta, ta girgiza kai. Ta goya ƙaramin da mayafin takaba, ta saɓa babbar a kafaɗa, ta ratsa ta tsakiyar maza suna darewa. Ta bi gefen kanal, ta cikin warin ruɓaɓɓiyar albasa, tana tangaɗi da nauyin su biyun. Ba ta waiwayi gidan ba, ba ta kuma waiwayi Sufeto ba.

Ya tsaya har ta yi nisa, sannan ya shiga mota ya ja ƙofa.

"Mu tahi, Saje. Bi ta wata hanya, kada mu tsorata yaran."